Wakilinmu Na Landan

"Muntari, ko ka kashe shuu ɗin nan kafin labaran rana, ko ka koma gyaran tocila," in ji Alhaji Zailani, mai ɗan gidan rediyon nan na Rano.

Muntari ko ɗagowa bai yi ba, don ya riga ya gano ciwon. Ɗan agogon lantarki na ciki da ke ba na'urar sauti bugu yana fitar da wuta bolt biyar, ita kuwa uku da ɗigo uku take ɗauka. Gwanin da ya riga shi sai ya rage wutar da 'yan resisto biyu. Shi ya sa bugun yake rawa, murya take fita kamar ana suyar ƙosai. Ya ɓalle su, ya dasa ɗan guntun da ke sauko da bugun ba tare da girgiza ba.

Sauti ya fito tas. Alhaji har da dafa masa kafaɗa yana kiransa Injiniya.

Aka shiga labarai. "Yanzu sai wakilinmu Adnan, kai tsaye daga birnin Landan."

Adnan ya fara bayanin irin sanyin da ake zubawa a Turai. A bayansa kuwa, duk mai rediyo daga Rurum har Kibiya ya ji Iya Bara'atu ta Dawaki raɗau tana cewa, "Adnan, in ka gama Landan ɗin, zo ka kore min awakin nan daga kan dawa."

Alhaji ya juyo a hankali.

"Injiniya, ina ka jefar da resiston nan?"