Haƙoran Taya da Haƙorin Makka

A wuni ɗaya wata mata ta yi asarar haƙorin Makka da rabin lodin dankali, ta samu tayoyi huɗu da igiya guda, kuma har gobe in ka tambaye ta cewa za ta yi ita ta ci riba. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke sauko da dankali daga kan wani tsauni mai sanyi, inda mutum ke tsayawa ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙanen mijin ke tuƙi, ita tana gidan gaba, don ba ta yarda kayanta su yi tafiya ba idonta. 'Yar dillalin shanu ce. Ba ta san baƙi ba, ko na allo ko na boko, amma ta san baki: tun tana yarinya take ganin ubanta yana buɗe bakin bijimi ya duba haƙora kafin ya yi tayi. Da wannan ido take duban taya. Na motarta irin na laka ne, haƙoransu manya, da giɓi tsakani har ka sa yatsu biyu. Sai ga wani direba mai jigilar shinkafa a fadamar gindin tsaunin ya zo neman musaya. Nasa irin na kowace hanya ne, haƙora ƙanana a jere, kowanne da 'yar tsaga siririya kamar aikin wanzami. Ya ce shi aikinsa a taɓo yake, ita hanyarta dutse ne da kwalta da sanyi, su yi huɗu da huɗu kowa ya huta. Ta kewaya motarsa tana taɓe baki, ta ce wa ya taɓa ba da kura ya karɓi ɓera? Sai dai ya yi ciko da bijimi. Ana tsakiyar damina suka tarar da shi ya kafe a fadama, laka ta cike haƙoran tayarsa sun koma sumul kamar malmalar tuwo, suna juyawa wuri ɗaya. Nata kuwa suka shiga suna gatsa suna tofarwa, curin laka na tashi ya wuce kan motar, suka fizgo shi kamar an zare gashi daga man shanu. Ranar ta ce bijimin ya zama biyu, kuma ko a haka alfarma ta yi masa.

Da damina ta zo ƙarshe, wani hantsi suna gangarowa da lodi, sama ta haɗe ta yi baƙi, ta saki ƙanƙara. Ba irin wadda yara ke tsinta suna tsotsa ba. Kafin a ce kwabo, tsaunin nan kore ya koma fari fat, kamar an zazzage gishirin duniya a kansa, shanu sun tsaya cik, ba ka jin komai sai ƙarar rufin mota. Matar ta manta da dankali, ta saki baki tana salati, don tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin ƙasa ta yi likkafani ba. A kwanar da hanya ke bin gefen kwazazzabo ƙanen mijin ya taka birki, motar ta ƙi ji. Manyan haƙoran nan da suka cinye fadama suka nemi abin gatsa suka rasa. Motar ta tafi a karkace, a hankali, shiru, kamar sabulu a kan dutsen wanki. Bakin matar ya bugi ƙarfen gaba, haƙorin Makka ya yi nasa wuri. Da suka tsaya, ƙafar baya ɗaya tana lilo a iska, buhuna na zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya ji saukarsu. Suna nan a haka, sai ga fitilar motar mai shinkafa daga ƙasa, ya hawo neman itace. Motarsa na takowa a kan farin nan kamar tsaka a jikin bango, ba gudu, ba santsi. Ya juya, ya ɗaura igiya, ya ja. Ƙananan haƙoran da ta kira na ɓera suka dafe ƙasa, motarta ta yi ƙara, ta dawo kan hanya da ƙafa huɗu.

Ba ta yi godiya nan da nan ba. Ta sauko, jini a haɓarta, ta durƙusa a cikin ƙanƙarar gaban tayarsa, ta danna babban yatsa a kan haƙori ɗaya. Sai ta ga 'yar tsagar nan ta buɗe baki ta kama, da ta saki ta rufe. Ta bi su da yatsa, ga su nan ba iyaka, kowace da nata ɗan cizon. Ashe ƙarfin da take nema a girman haƙori, a nan an raba shi ne gida dubu. Ta daɗe a durƙushe tana girgiza kai, sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta, ta dubi mutumin, ta yi magana ta giɓin da ba ta saba da shi ba tukuna. "Huɗu da huɗu, malam. Na yafe bijimai. Amma igiyar nan gyara ce, a motata za ta kwana." Ya yi dariya ya ce ya sallama. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa da ranarsa, mai ido ɗaya ya leƙa buta.