Furar da Na Dama wa Baba

Har yau ba na iya zama inda ake dama fura. Ƙamshin citta da nono sai ya mayar da ni asibiti a Birnin Kebbi, ina 'yar shekara tara, ranar da muka kawo Baba daga Argungu za a yi masa aikin gwaiwa.

Tun da safe nas ta ja mana kunne, kada ya ci, kada ya sha. Ba ta faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Azahar ta wuce ba a kira shi ba, leɓensa duk ya bushe. Inna ta leƙa ƙofa, ta jawo ƙwarya daga ƙarƙashin gado.

"Ba a tarar wuƙa da yunwa," in ji ta. "Dama mishi maza."

Na dama da kyau, ko gudaji babu. Baba ya shanye, ya shafa gemu, ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Yanzu na samu ƙarhi."

Bayan la'asar likita ya fito yana tambaya, "Wa ya ba shi abinci?" Ya ce da maganin barci ya kama shi, furar ta taso ta shige huhunsa, kuma sun kasa ceto shi. Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa busasshen nono na nan a yatsuna.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma albarkar nan da ya sa mini, har na yi furfura ban san yadda zan yi da ita ba.