Fitilun Jauro Isa

"Kada wanda ya ƙyasta ko ashana!" in ji Malam Ishaku, idonsa manne da madubin hangen taurari.

Mu biyar ne, duk malaman makaranta. Mun baro Garwa a tsohuwar Fijo don gudun fitilun gari, har wani ƙauye bayan Bibemi. Madubin na aro ne, gobe mai shi zai koma Faransa da abinsa. Daren nan kaɗai gare mu mu ga wani gungun taurari mai kama da hayaƙi, wanda ba ya bayyana sai duhu ya yi duhu.

"Na kama shi! Madam Luba, zo ki..." Sai Malam Ishaku ya ɗago kai. "Ya ɓace."

Muka waiwaya. Ga mutanen ƙauyen kaf, wasu da fitilar ƙwai, wasu da wutar kara. Jauro Isa, mai garin da ya sauke mu, yana gaba yana murmushi.

"Malamai, tun ɗazu muke hangenku kuna lalube a duhu, har kunya ta kama ni. Ga haske nan. Ku nemi abinku a tsanake, ba inda za mu sai kun gan shi."