Hodar Kotu

Tun da aka kafa dokar nan, 'ya'yana, alƙali ba ya kallon mutum, allo yake kallo. Kyamara ta ɗauke ka, allon ya rina fuskarka. In ta yi kore an karɓi shaidarka, in ta yi shuɗi wai ba kowa a wurin.

Ran Talata na je ba da shaida kan gonar maƙwabciyata Lantana, wadda ƙanin marigayi mijinta ke son ƙwacewa. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga yanka iyakar.

Ina zama, allon ya mai da ni shuɗiya kamar an tsamo ni daga marina.

"Iya, hasken fuskarki bai kai ba," in ji Sallau mai kyamara. "Ga hoda can a kwano."

"Ƙara fitila mana!"

"Doka ta hana taɓa fitilar."

"Sai fuskar da Allah ya yi ake taɓawa? Shekara saba'in ana ganina a garin nan. Kai ma ni na yanke maka cibiya, marar kunya!"

Ya sunkuyar da kai. Ƙanin mijin kuwa, da yake fari ne, yana can kore shar yana murmushi.

Na dubi Lantana, sai murza bakin mayafi take. Na dumbuzi hodar na shafa har tana shiga mini ido. Allo ya yi kore. Na faɗi iyaka daga tsamiya har rijiya, aka bar mata gonarta.

Da muka fito ta miƙo mini buta, na ture. Haka na ratsa kasuwa fara fat. Duk wanda ya tambaya sai in ce, "Kotu na je a gan ni."