Rabon Garinsu Ido Ne

Tun da ƙasashe masu ba da tallafi suka raba jikin ɗan Adam a tsakaninsu, asibitin garin su Asabe ya tashi da ido. Ƙafa tana wata jiha.

Duk da haka Asabe ta turo mahaifinta a baro, ƙafarsa a kumbure, har ta fara wari. Kowa a layin da tabarau mai ƙyalli, har masu tari.

"Sista, ko dubawa ki yi mana."

"'Yar'uwa, kabad ɗin magani ba ya buɗuwa sai an ce ido," in ji nas ɗin a gajiye. "Baba, me ke damunka?"

"Ido ne, 'yata."

Ta sa masa sabon tabarau. Ya sunkuya, ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Asabe, ashe baƙin ya kai gwiwa."