Kofin Alkama a Ƙofar Coci

A rufe ya tarar da gidan abincin uwarsa, kujeru a kife a gindin bishiya. Bai damu ba. Lahadi ce, tana coci. Da jirgin ruwansu ya tsaya, bai gaya wa kowa ba ya hawo dutsen da garinsu yake a kai, so yake ta gan shi kwatsam bayan shekarun da ya yi a teku.

Wasu baƙi biyu daga Atina, babban birnin ƙasar, suka tsaya gabansa suna haki.

"Ɗan'uwa, ina ake cin abincin gargajiya a garin nan? Can bakin teku sai soyayyen dankali."

"Ku zauna," ya ce, yana gyara musu kujeru. "In kuka ɗanɗana miyar waken tsohuwata da naman akuyarta, sai an kore ku da sanda."

Aka taso daga cocin da ke kusa da gidan abincin. Wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta fito da faranti, tana rabon dafaffiyar alkama da rumman da sukari, sadakar arba'in. Maƙwabciyarsu ce, amma gemun da ya tara ya hana ta gane shi. Ya karɓi kofin alkamar da ta miƙo masa, ya kai cokali baki, ya faɗi abin da ake faɗi.

"Allah ya gafarta masa, inna. Wane dattijon ne kuma ya tafi?"

Muryar ta gane. Ta ajiye farantin.

"Wayyo, ɗana, ashe saƙo bai iske ka ba. Ba masa za ka ce ba. Mata za ka ce. Yau kwana arba'in da rasuwar uwarka."