Yatsuna a Bakin Sifirin

Babana bakanike ne a Kafanchan. Wata Asabar da rana ya kira ni gindin mangwaro, inda ya baje injin motar wani direba mai jigilar citta daga Kwoi. Baba ya ƙara wa injin gudu, shi ya sa ya sauya wa bawul, wato marufan iskar injin, sifirin masu tauri.

Matsalar ita ce 'yan ƙarafa biyu masu kulle sifirin, ƙanana kamar ɓarin gyaɗa. Yatsunsa sun yi musu kauri. Ya danne sifirin da sandar ƙarfe, ya ce in shafa wa 'yan ƙarafan giris in zura su. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi. In abin ya kuɓuce, yatsuna sun tafi ke nan.

"Baba, ina jin tsoro."

"Sa hannunki, Saraya. Ba zan saki ba."

Na sa. Guminsa na ɗiga a kan hannuna, ni kuwa sai laluɓe nake yi. Bai ce in yi sauri ba. Sai da ƙarafan suka zauna, na zare yatsuna, sannan ya sassauta.

Yau Baba ya tsufa, hannun nan nasa rawa yake yi, ko kofin shayi ba ya riƙewa. Ni nake tallafa masa, in ce, "Sha, Baba. Ba zan saki ba."